Shawarwari ga Manoma: Sauya wa Shanu Makiyaya

Wani Alhaji daga Ringim ya rubuto cewa ya kewaye filinsa da waya, ya shuka gamba, ya zuba bunaji, amma tun kafin Agusta fili ya zama fako, shanu kuma sai ramewa suke duk da allurar tsutsa da yake ta saye.

Alhaji, ka daina kwashe kuɗinka kana kai wa mai kantin magani. Ka sakar musu fili ɗaya, suna bin toho suna datsewa tun bai kai ko'ina ba, ina ciyawa za ta yi saiwa? Raba shi gida 6. Su shiga idan gamba ta kai gwiwa, su fita idan saura taƙi guda, kada su wuce kwana 6. Kafin su zagayo, sashen farko ya huta wata guda.

Maganar tsutsa kuwa, na gaji da nanatawa. Ƙwanta a cikin kashin shanu yake fita. Da damina, cikin mako guda ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun bi laima sun hau ganye, akasarinsu can ƙasa-ƙasa. Saniyar da ke kiwo har ƙasa tana haɗiye su da kowace loma. Ka yi allura yau, gobe ta sake kwasa. Ga kuma auna magani da ido, abin da ke sa tsutsa ta saba da shi. Dubi maruƙanka da safe: gashi a tsaye, gindi duk zawo, ƙarƙashin haɓa a kumbure. Su za ka fara kaiwa sashen da ya fi hutawa.

Daga Gaya an tambaya ko a saki shanu kan tohon dawa. A'a, yana da guba, musamman bayan fari.

Mai tambaya daga Haɗejiya kan kiwo a fadama: fadamar da ruwa bai gama janyewa ba matattarar katantanwa ce mai yaɗa ciwon hanta. Jira ta bushe.

Malam na Ɗambatta ya ce shanunsa ba sa yarda su ƙetare ƙofa zuwa sabon sashe sai da duka. Ajiye sandar. Mayar da ƙofar kusurwa, ka shiga gaba da kwanon dusa da kanwa kana kira, kullum lokaci ɗaya. In sashen na lablab ne, wato wani nau'in wake da ake shuka wa dabbobi, bari raɓa ta kaɗe, kuma kada su shiga da yunwa, saboda kumburin ciki.