Tambaya da Amsa: Walƙiyar Ƙarya a Bayanan Tauraron Ɗan'adam

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina nazarin yanayi da bayanan walƙiya na tauraron ɗan'adam. Sai in ga alamar walƙiya a kan teku da rana, sama garau, ba ko gajimare. Me ke kawo haka, kuma yaya zan tace su? (Wani ɗalibi, Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na'urar da ke kan tauraron ba ta san walƙiya ba, canjin haske kawai take gani. GLM, kyamarar gano walƙiya da ke kan taurarin GOES na Amurka, tana ɗaukar hoto 500 a daƙiƙa, a zangon haske na nanomita 777.4. Takwararta LI, wadda ke kan tauraron Meteosat-12 da aka harba a Disambar 2022 kuma yake kallon Afirka, 1,000 take ɗauka. Duk ɗigon hoton da ya haskaka farat ɗaya fiye da na hotunan baya, sai ta rubuta shi.

Abin da ka gani, da alama ƙyallin rana ne: ruwa ya zama madubi, igiya tana motsa hasken. Ana gane shi da lissafi. Ka fitar da wurin da hasken rana zai dawo daidai kan tauraron a wannan lokacin, za ka tarar alamun sun taru nan, suna tafiya yamma tare da rana. Hadari ba ya bin rana haka.

Akwai kuma burbushin sararin samaniya da ke bugun kyamarar, su bar layi miƙaƙƙe a hoto ɗaya tak. Walƙiyar gaske kuwa tana maimaita kanta a wuri guda. GLM tana haɗa alamun hasken da tazararsu ba ta wuce milidaƙiƙa 330 (kusan sulusin daƙiƙa) da kilomita 16.5 ba a matsayin walƙiya ɗaya, don haka alamar da ba ta da ta biyu, ka ware ta gefe. Girgizar tauraron ma kan jera alamu a bakin farin gajimare.

Bayan haka ka ɗora alamun kan hoton zafin saman gajimare. Inda babu gajimare mai sanyi a kusa, abin zargi ne. Sannan ka gwada da na'urorin gano walƙiya na ƙasa irin su GLD360 ko WWLLN, amma ka bar sararin kilomitoci, domin daga sama gajimare mai tsawo yakan bayyana a gefen ainihin wurinsa. Kada ka goge alama don na'urar ƙasa ba ta ji ta ba. Walƙiyar cikin gajimare na yawan kuɓuce musu. Kuma ka ajiye abin da ka cire a fayil daban, domin tsauraran matatai kan haɗiye ƙananan walƙiyar farkon hadari.