Amsa ga ƙanenmu da ya samu ABU: lakca, masallaci da mitin ɗin ƙungiya

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa a fara a sa'a a gama lafiya. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, ka ce ka samu Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru, Zariya, Baba ya ja maka kunne kan cewa karatu ya tura ka ba shiga ƙungiya ba, abokanka kuma suna ce maka wanda bai shiga ƙungiya ba bai yi jami'a ba, ga shi kana son ka riƙa zama karatun masallaci, to ya za a yi a haɗa su duka. Na ga wasu sun rubuta maka "ka dage da addu'a" sun wuce, gaskiyarsu ne, amma bari in ba ka nawa tunda ni a jikina na ji.

Ka fara cire sallah daga lissafin nan, sallah ba ta taɓa kayar da kowa jarabawa ba. Ko a hostel ɗin Danfodio ka samu ɗaki ko Akenzua masallaci na kusa da kai, cikin makaranta ma haka, da alwala da jam'i duka minti sha biyar ka gama. Abin da ke cinye lokaci shi ne abin da ke zuwa bayan an yi sallama, wani ya miƙe ya ce 'yan'uwa don Allah a ɗan dakata akwai sanarwa, daga sanarwa sai a ce ana neman mutum biyar da za su taimaka, kai kuma kunya ta hana ka fita, kafin ka ankara an rubuta sunanka a kwamiti.

Haka ta faru da ni a zango na biyu na aji ɗaya. Ƙungiyar ɗaliban jiharmu suka ba ni mataimakin sakatare saboda wai ina da rubutu mai kyau, a masallacin fakalti ina cikin kwamitin shirya wa'azi, sannan na kai kaina kulob ɗin muhawara don ina son bakina ya buɗe da Turanci. Wallahi a lokacin ji nake na zama wani, ina tafe da fayil a hammata ana ce min Sakatare. Mitin ɗin da aka ce ƙarfe huɗu ba za a fara ba sai biyar saura, rabin lokacin a kan kuɗin ƙungiya da wa ya biya wa bai biya ba, Magariba ta katse mu, a dawo bayan Isha a ɗora daga inda aka tsaya. Da za mu yi taron shekara sai da na yi sati biyu ina zirga-zirga tsakanin Samaru da Sabon Gari wajen buga takardar gayyata da bin manya neman gudummawa, lakcar kemistiri ta safe kuwa na bar wa abokina ya kwafo min. A cikin aji malamin ya faɗi ranar tes, kilas raf, wato wakilin aji, ya sa a guruf ɗin WhatsApp, ni kuma guruf ya fi goma a wayata ban ma buɗe ba. Ranar ina can ina jera kujerun haya aka yi tes aka gama. Laifin kowa babu, nawa ne.

To ga yadda lissafin yake don ka gane zafin abin. Tes da asayimen su ne maki 30 ko 40 cikin 100 gwargwadon tsarin makaranta, in ka rasa su ka shiga jarabawa da ƙafa ɗaya. Sakamakon A maki 5 ne, F sifili, kwas mai yunit 3 in ka ci A ka tara 15, in ka faɗi ba ka tara komai ba amma yunit ukun nan suna nan cikin abin da za a raba da shi, shi ya sa keri-oba ɗaya, wato kwas ɗin da ka faɗi sai ka maimaita, a aji ɗaya take jan CGPA, matsakaicin makinka gaba ɗaya, ƙasa har ka yi shekara biyu kana gyara. Kuma akwai dokar halartar kashi 75 na lakca kafin a bar ka ka zauna jarabawa, wani malamin bai damu ba, wani kuwa takardar atandans na cikin jakarsa kullum, kuma ba a goshi ake rubutawa ba. Ni dai a aji biyu na koma na zauna cikin sabbin ɗalibai, lokacin kwas ɗin ma ya ci karo da wata lakcar ajinmu, kullum sai na zaɓi wadda zan rasa.

Amma fa ban ce Baba ya yi daidai ɗari bisa ɗari ba, kar dai ka gaya masa ni na faɗa. MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, tun 1954 aka kafa ta a Legas, ba jiya ta fara riƙon sabbin ɗalibai ba, kuma tutoriyal ɗin kyauta da 'yan manyan aji suke yi a ƙarƙashinta shi ya fitar da ni a lissafi, abin da na kasa ganewa daga kujerar baya a babban ɗakin lakca inda ko muryar malami ba ka ji sosai, wani ɗan aji uku ya warware min shi cikin awa ɗaya a kan tabarma. A can na samu tsofaffin takardun tambayoyi, a can na gyara karatun Alƙur'anina. Ka je, ka zauna, ka amfana, muƙami ne dai nake ce maka kar ka karɓa sai ka ga sakamakon zango biyu da idonka. In an matsa maka ka ce Baba ya hana, babu mai ja da wannan.

Ba mu kaɗai abin ke ci ba ma. Abokin ɗakina ɗan Filato ne, ɗan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, yana cikin mawaƙan coci, dare uku a sati suna atisaye ga kuma Lahadi, shi ma sai da sakamako ya fito ya rage zuwa ɗaya. Daga baya muka yi yarjejeniya, shi mai karatun dare ne, in zai kwanta sai ya tashe ni Asuba, ni kuma in tashe shi bakwai saura.

Wannan ta bayan Asuba ka riƙe ta da kyau. Sanyin Samaru a watan Disamba da Janairu ba wasa ba ne, bargo zai riƙa kiranka da sunanka, in ka koma ka kwanta lakcar safe ta tafi, in ma ka samu zuwa to a tsaye za ka yi ta a bakin ƙofa. Ni wanka nake yi kafin in fita masallaci, daga can in wuce aji in ajiye littafi a layi na uku in yi bitar jiya kafin mutane su cika. Da tayimtebul ya fito ka kwafe shi a takarda ka manna a jikin gado, duk taron da ya hau kan lakca ka ba su haƙuri tun kafin ranar, da azumi kuma in jarabawa ta matso ka zaɓi tafsiri ɗaya ka tsaya a kansa, ba sai ka zaga duka ba.

Ba ka faɗi kwas ɗin da aka ba ka ba, in Lauya ne ko harkar mulki to Kongo, ɗaya harabar ABU, za ka zauna ba Samaru ba, sai 'yan can su ƙara maka bayani don ni sau uku kacal na taɓa shiga Kongo.