Wa ke bin diddigin alkawarin kare haƙƙin yara?

Tambaya: Kullum muna jin gwamnatoci da ƙungiyoyin farar hula suna shan alwashin kare haƙƙin yara, amma ga yara can suna gararamba a titi lokacin makaranta. Shin akwai mai tuhumarsu idan suka saɓa?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, sai dai ba ya riƙe da bulala. Tushen alkawarin shi ne Yarjejeniyar Haƙƙin Yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 20 ga Nuwamba, 1989. Ƙasashe 196 sun ɗaure kansu da ita. Amurka ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba. Yarjejeniyar ta ce duk ƙasar da ta shiga ta kai rahoto gaban kwamitin masana 18 a Janiba, na farko cikin shekara biyu, daga nan duk shekara biyar. Kwamitin ba ya cin tara. Tambayoyi yake yi, sannan ya fitar da shawarwarinsa kowa ya gani.

A nan ƙungiyoyi suke da rana. Gwamnati za ta rubuta cewa ta gina ajujuwa. Su kuma suna da damar aika nasu rahoton daban, su ce ajin ba malami, ko makarantar ba banɗakin 'yan mata, shi ya sa yarinya ke daina zuwa da zarar ta fara al'ada. Kwamitin yakan saurare su, har da yaran kansu, kafin ya zauna da wakilan gwamnati.

Ni kuwa idan na ji alkawari, kasafin kuɗi nake fara dubawa, domin sashe na 4 na yarjejeniyar ya wajabta wa ƙasa ta yi iyakar abin da dukiyarta za ta iya. Sai rajistar haihuwa, wadda ke sashe na 7. Wannan tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, idan aka kama shi, da me zai nuna bai kai 18 ba? Haka ake kulle shi tare da manya.

Tun 2014 kuma yaro ko wakilinsa na iya kai ƙara gaban kwamitin kai tsaye, idan ƙasarsa ta amince da ƙarin yarjejeniyar ƙorafi, kuma ya bi hanyoyin shari'a na cikin gida bai samu biyan buƙata ba.