Shi mai bayarwar ne zai fara, ba kamfanin ba

Hajiya, kin ce ɗan'uwanku da ke aiki a Amurka ya aiko wa ƙungiyarku ta marayu a nan Maradi kuɗi, kamfaninsu kuma zai ƙara daidai abin da ya bayar, to ta yaya za ku sani? Shi ne zai cike buƙatar neman ƙarin a wurin aikinsa, yawanci ta dandalin intanet irin Benevity ko YourCause. Daga nan saƙo zai zo muku ta imel ko asusunku na dandalin, a ce ku tabbatar da adadin kuɗin da ranar da suka shigo.

Amma fa sai an tantance ƙungiyarku a dandalin, kuma kamfanoni da yawa ba sa biyan wadda ba ta da rajistar 501(c)(3), wato rajistar ƙungiyoyin agaji ta Amurka, sai ta hannun irin su GlobalGiving, masu karɓar gudummawa a madadin ƙungiyoyin wasu ƙasashe. Mu namu saƙon cikin imel ɗin tsohon sakatarenmu ya faɗa, shi ko ya koma Tasawa da lambar sirrin a kansa. Kafin mu farga wa'adin tabbatarwar ya wuce, jaka 200 suka bi ruwa. Ki tambayi ɗan'uwan nan sunan dandalinsu tun yau, rasit ɗinsa kuma ya ɗauki sunan ƙungiya yadda yake a takardar izininku.