Karena ya ƙi ci tun da muka koma ƙauye, mi za ni yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dokta. Ni ɗan fansho ne, na yi shekara da shekaru ina aiki Kaduna, bana Allah ya yi na dawo gida, wani ƙauye kusa da Argungu, don in kama noman shinkafa. Ina da kare namiji shekara tai uku, ruwa biyu ne, uban shi Alseshan irin na 'yan sanda, tun yana kwikwiyo yake hannuna kuma bai taɓa hita waje da get ba. Yau kwananmu tara da zuwa, abinci sai dai ya lasa ya bari, da dare yana ta kuka har maƙwabta sun hwara magana, shekaranjiya kuma ya tsinke igiya ya kashe ma maƙwabcina zabuwa guda. Wasu na cewa in sake shi ya bi karnukan gari zai saba, wasu na cewa iska ne. Dan Allah mi ya kamata in yi da wanga kare?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da dawowa gida, Allah ya sa an dawo a sa'a, ya ba da amfanin gona mai albarka.

Bari in fara da masu cewa ka sake shi, don ita ce shawarar da za ta iya kashe maka kare cikin sati guda. Kar ka sake shi ranka ya daɗe. Karnukan gari da kake gani suna yawo kowanne ya san unguwarsa, ya san gidan da ake jifa da gidan da ake zubar da ƙanzo, sun san juna, naka kuwa baƙo ne mai ƙaton jiki wanda bai taɓa faɗa da kowa ba, in ya faɗa cikinsu taron dangi za su yi mishi, kuma cizo ɗaya daga karen da ba a taɓa yi wa allura ba ya isa ya jawo maka abin da ya fi zabuwa tsada nesa ba kusa ba.

Maganar iska kuma a bar ta. Kare da hanci yake sanin duniya, shekara uku yana gida ɗaya ya haddace warin kowane lungu, ya san ƙarar motarka, ya san lokacin da ake buɗe get, rana ɗaya aka ɗauko shi aka yi tafiyar wuni a mota aka sauke shi inda komai warin awaki ne da shanu da hayaƙin kara, da dare ga kukan jaki ga haushin karnukan da bai sani ba. Ko mutum ne sai ya ɗan rame. Kukan dare da ƙin cin abinci a satin farko da na biyu abu ne da muke gani kullum a karen da aka canza wa gida, yawanci cikin sati uku zuwa wata ɗaya yake sakin jiki.

Amma kafin mu ce kewa ce kawai, ka yi min abu ɗaya yau ɗin nan. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi, in ja-ja ne mai haske kamar cikin bakin mutum to alhamdulillahi, in ya yi fari fat ko ya yi ɗorawa akwai magana. Ka dubi fitsarinsa, in ya koma kamar ruwan shayi nan ma akwai magana. Sannan ka bi cikin kunnuwa, tsakanin yatsu, wuya da hammata ka nemi kaska. Kaska tana sa wa kare cutar da ke cin jini, kuma irin naka mai jinin Alseshan ya fi karen gida shan wahalarta, farkon alamarta kuwa shi ne daidai wannan ƙin cin abincin da kwanciya. Zafin jikin kare mai lafiya tsakanin digiri 38 ne zuwa 39 da ɗan kai, in kana da ma'auni ka ga ya kai 40 kar ka jira gobe. Haka in ya kwana biyu cur bai sa komai a baki ba, ko amai, ko gudawa da jini, wannan ya wuce amsa ta waya, sai asibitin dabbobi. In abin ya gagara a kusa, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da asibitin koyarwa na dabbobi.

In ka ga kaskar, ka kama ta daf da fata ka ja a hankali ta fito gaba ɗaya, kar kan ya tsaya cikin fata. Ban da kalanzir, ban da baƙin mai, ban da maganin wankan shanu da aka dama da ka. Na taɓa zuwa wani ƙauye aka kira ni kan wani kare yana ta karkarwa miyau na zuba, ashe mai shi ya sayi maganin kaskar shanu ranar kasuwa, mai sayarwa ya ce mishi ai duk dabba dabba ce, ya zuba murfi biyu a ɗan bokiti ya wanke karen tas. Da ƙyar muka ceto shi. Akwai maganin kaska na karnuka, na ɗigawa a ƙeya da na haɗiya, likita ne zai auna maka daidai nauyinsa. Farasitamol da maganin ciwon jiki na mutane su ma kar a ba shi da ka.

Toh yanzu yadda za a zaunar da shi. Ka zaɓa mishi wuri ɗaya a cikin gida mai inuwa wuni guda, gindin darbejiya ko rumfar zana, kusa da inda kake kwana yadda zai riƙa jin motsinka, don rabin kukan nan kai yake nema. In kun taho da tsohon buhun da yake kwanciya a kai da kwanon cin abincinsa ka ajiye mishi su kuma kar a wanke buhun, in ba ku taho da su ba ka ba shi tsohuwar rigarka da ka sa ka yi gumi, za ka sha mamakin yadda zai dunƙule a kanta. Ɗan keji na waya ko ƙaramin danni ya fi turke, kare da aka ɗaure da guntuwar sarƙa dare da rana shi ne yake komawa mafaɗaci. Safe da yamma ka sa mishi igiya mai ƙarfi, irin wadda ba zai tsinke ba, ku zagaya gida, ka bar shi ya shinshina ya yi fitsari inda ya ga dama, da haka yake sa alamar nan gidanmu ne. Bayan kwana biyar ko shida sai ku fara leƙa ƙofar gida da bayan gida, kullum ana ƙara nisa kaɗan. Lokacin abinci ya zama ɗaya kullum, ka ajiye, in bai ci ba bayan minti ashirin ka ɗauke sai na gaba, kar a riƙa bin shi da tsoka ana lallashi, zai koyi yanga.

Ban san abin da yake ci a Kaduna ba. In na buhu ne na kanti kuma yanzu an koma tuwo, canjin ya zama a hankali cikin sati ɗaya zuwa kwana goma, ana rage wancan ana ƙara wannan, in ba haka ba cikinsa zai ɓaci. Kuma tuwo zalla ba ya riƙe kare mai wannan girman, sai da nama ko kifi ko ƙwai, ku da kuke bakin ruwa kifi ba zai yi muku wuya ba, a dafa a cire ƙaya. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji, a daina jefa mishi. Sai albasa, mu mutanen Kabi ga Aliero nan kusa ba ma miya sai da ita, to albasa da tafarnuwa, ɗanya ko dafaffiya, suna fasa wa kare ƙwayoyin jini, don haka ragowar miyar gida kullum kullum ba abincinsa ba ne. Goro da cakulan su ma haka.

Ga zafi. Wanda ya yi bazara a Argungu ya san Kaduna wasa ne, Afrilu da Mayu rana tana wuce digiri 40, shi kuma kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, ga naka da gashi mai kauri. Ruwa a kasko ko tukunyar ƙasa kar ya yanke, yawo da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. In ka ga yana haki ba tsayawa, harshe ya yi ja wur yana tangaɗi, ka kai shi inuwa ka riƙa zuba mishi ruwan randa a ciki da cinyoyi ana yi mishi fifita, sannan a nemi likita. Wannan zafin ma kaɗai yana rage wa kare ci da rana, ka gwada ba shi babban abincinsa bayan magariba.

Yanzu babbar magana, wadda ta fi duk na sama. Yaushe rabon da a yi mishi allurar haukan kare? A nan ƙasar muna yin ta tun kwikwiyo yana wata 3, sannan a maimaita duk shekara. In shekara ta zagayo ko ba ka tuna ba, a yi ta satin nan, kuma a hannun ma'aikacin dabbobi wanda ya ɗauko ta daga firij, don allurar da ta wuni a rana kan tebur ruwa ce kawai. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin ta, akwai kuma ta waje. Ka karɓi katin shaida ka adana, ranar da ya yagi ɗan wani katin nan ne zai yi maka magana gaban mai gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar nan tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne, da zarar alamunta sun bayyana kuwa ba magani, ga mutum ga dabba. Tunda ya tsinke ya fita shekaranjiya, ka laluba jikinsa da kyau ko akwai tabon haƙori, in akwai a gaya wa likita a ƙara mishi allura nan take ko da lokacinta bai yi ba. Kuma ka gaya wa iyali, duk karen da aka ga bakinsa a sake miyau na dalala kamar ƙashi ya maƙale mishi, kar wanda ya sa hannu wai zai ciro, haka mutane da yawa suka ɗauka. In kare ya ciji mutum a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti ranar, shi kuma karen a killace shi kwana 10 ana kallo, kar a kashe a jefar.

Gona kuma, na san za ka so ya riƙa bin ka fadama. Ba yanzu ba, kuma ko nan gaba ban da ranar feshi da kwanakin da ke bin ta, don zai sha ruwan da ya kwanta a fangali ya lashi ƙafafunsa. Maganin ɓera da ake sa wa a rumbu shi ma a ɗaga shi, wani irin sai bayan kwana uku zuwa biyar kare zai fara zubar da jini, lokacin kowa ya manta. In ya ci guba kar a tsaya ɗura mishi manja ko madara, ba sa karya ta kuma yana iya shaƙewa, a ɗauki kwalbar ko ledar maganin a tafi da ita wurin likita. Da damina ga kububuwa da kasa a cikin ciyawa, shi kuwa ɗan birni hanci zai kai. In kun dawo daga yawo a duba tafin ƙafa saboda ƙarangiya. Maganin tsutsar ciki duk wata uku.

Sai zabuwa. Alhaji ka je da kanka ka biya, ko ya ce ya yafe ka kai mishi wata, don a ƙauye karen da ya saba da kajin mutane ba a kawo ƙararsa sau uku, wata safiya kawai za ka tashi ka tarar an jefo mishi nama mai guba. Ka kuma san da yawa cikin maƙwabtanka ba sa son kare ya raɓe su ko ya shinshina musu buta da tabarmar salla, ga yara da almajirai da ke shigowa ba sallama, duk wannan dalili ne na killace shi. Duka ba ya hana kare bin kaji, rataya mishi mushen a wuya da wasu ke yi ma ƙazanta ce kawai. Abin da ke aiki shi ne ka riƙe shi da igiya nesa da kaji, nisan da zai gan su bai zabura ba, ka kira sunansa, da ya juyo ya dube ka ka ba shi ɗan busasshen kifi, gobe ku matsa taku biyu, in ya zabura ku koma baya. Minti goma safe da yamma ya isa, haka za ka yi da awaki da tumaki. Amma gaskiya tsakanina da kai, karen da ya riga ya kama ya ji daɗin abin, ni ban yarda a bar shi shi kaɗai da kaji ba ko bayan shekara, balle zabi da ba su iya komai ba sai ihu da gudu, abin da ke ƙara zuga shi ke nan.

In ya fara haƙa ƙarƙashin danni yana neman fita duk dare bayan ya saba, to wata karya ce ke neman namiji a unguwa, a nan sai mu yi maganar fiɗiya. Yanzu dai ka duba min dasashin nan da katin allura, ka turo min abin da ka gani.