Hajiya Ta Ce Lafiyarta Lau, Ga Tukunya Ta Ƙone

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tare muke zaune. Sau biyu ke nan tana ɗora tukunya a kan gas ta manta har ta ƙone. Kuɗin da ta ƙulle a bakin zaninta sai ta ce matar ƙanena ce ta ɗauke. Jiya la'asar biyu ta yi. Da na ce mu je asibiti, sai ta ce lafiyarta lau, so muke mu mayar da ita mahaukaciya. Taurin kai ne, ko tana sane take ɓoyewa?
Daga wata mai karatu a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Abin da kika zayyano ya yi kama da ciwon mantuwa, wanda muke ce wa gigin tsufa mu wuce, alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne.

Ina roƙonki ki daina ganin taurin kai. Sau da yawa ciwon nan yana taɓa wurin da zai sanar da mutum cewa ya yi kuskure. Hajiya ba ta tuna ɗora tukunyar ba, to ta yaya za ta amsa laifin? Kuɗin ma haka: ta duba inda ta sani bai nan, sai zuciyarta ta nemo wanda ya ɗauka. Musu ba ya ƙara mata komai sai tsoro. Ki ce, "Hajiya, zo mu duba tare."

Lissafin kuɗi, girki da shan magani kan lokaci su ke fara kuɓucewa, wanka da sa tufafi sai can gaba. Ki riƙa kulle gas daga jikin tukunyarsa, maganinta ya dawo hannunki. Amma kada ki zaunar da ita haka nan. Ki miƙa mata tsintar wake ko gyaran zogale, ki tsaya gefenta ku yi salla tare.

Asibiti kuwa dole ne, domin ƙarancin sinadarin bitamin B12, matsalar maƙoƙo da ciwon damuwa duk suna kawo mantuwa, kuma ana maganinsu. Ki ce mata awon hawan jini za ku je, a auna ɗin kuma da gaske, tunda shi ma yana lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ki rubuta abubuwan da kika gani da ranakunsu, ki ba likita kafin ku shiga.