Kafin Ka Sayi Oba-oba

Tambaya: Malam, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina, kuma na daɗe ina sha'awar irin rediyon nan da mutum ke zantawa da takwarorinsa ta iska ba da layin waya ba. Na ga ƙaramar oba-oba ƙirar Baofeng da araha. In saya domin in riƙa gaisawa da ƙanena da ke Daura?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata tukuna. Irin wannan na'ura yawanci ƙarfinta bai wuce wat 5 ba, kuma saƙonta a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, ta yadda gine-ginen cikin gari kaɗai sun isa su tare shi bayan 'yan kilomitoci, alhali tsakaninka da Daura akwai kusan kilomita 80.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne izini. Ba a magana a zangunan da aka ware wa masu wannan sha'awa sai da lasisi daga hukumomin sadarwa na tarayya, tare da lambar kira da ake gane kowane mai magana da ita, wadda a Nijeriya take farawa da 5N. A halin tsaron da jiharmu take ciki, wanda aka samu da oba-oba a aljihu a shingen bincike, babu takarda, shi ya san irin bayanin da zai sha. Ka kuma sani cewa ƙa'idar wannan harka ta hana hirar ciniki da magana a dunƙule.

Shawarata ita ce ka fara da sauraro. Nemi rediyon gajeren zango mai maɓallin SSB, wato salon da masu wannan harka suke aika murya da shi, ka murɗa zuwa mita 20, wajen megahaz 14. Akwatin da muke jin labarai da shi ba zai yi ba, domin muryoyin za su fito maka kamar kukan agwagwa.

Tambaya: Mu shida ne a Daura, duk malaman makaranta, muna son kafa ƙungiyar masu zantawa ta rediyo. Kowa ya sayi tasa na'urar ne?

Amsa: A'a, malamai. Ku haɗa kuɗi ku sayi babba guda ɗaya mai wat 100, ƙirar Icom ko Yaesu, ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce, muddin an gwada ta a gabanku. Tana cin bolt 13.8, tana kuma jan kusan amfiya 20 lokacin magana, saboda haka batir babba da sola sun fi muku kwanciyar hankali. Ƙananan inbata masu araha sukan cika zango da ƙara. Eriya kam kada ku kashe mata kuɗi: wayar tagulla mai tsawon mita 10, a raba ta biyu daidai, a ɗaure sama tsakanin itatuwa biyu, ta isa kai muryarku Turai idan yanayi ya yi kyau. Da damina ku cire ta daga jikin na'ura da zarar hadari ya taso. Batun lasisi kuwa, ku rubuta wa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, NARS, kafin ku biya ko sisi.